Yadda Ake Zama Malamar Zamani da Roba Biyar da Majigi Ɗaya

Ewurasi Dadzie ta gama zangon gwajin koyarwa a wata firamare da ke Saltpond ba tare da alli ya taɓa yatsanta ba, kuma babu wanda zai rantse ya ga alkama ta shiga bakinta. Ɗalibar kwalejin horar da malamai ce, tana shekarar ƙarshe. Abin da ya rage tsakaninta da takardar shaidar malanta shi ne sakamakon wannan gwaji, kuma mutum biyu ke ba da shi: malamin da kwaleji ke turowa ya duba darasi, da malamar da aka damƙa ta a hannunta a makarantar. Idan ɗayansu bai ba da nasa ba, sai ta maimaita shekara.

Na bi diddigin yadda ta yi, na tace shi zuwa matakai. Idan kika bi su yadda suke, ina ba ki tabbacin kafin a yi hutu kowa zai san sunanki a ɗakin malamai. Da wace irin murya za a riƙa faɗinsa, wannan ba ya cikin alkawarin.

Mataki na 1: Nemi abin da za ki daina ci

Malamar da ke cin komai ba ta da labari. Ki zaɓi gulutin, wani danƙo ne da ke cikin alkama. Akwai waɗanda yake yi wa illa da gaske, likita ya gwada su ya hana su. Waɗannan su bar shafin nan su bi maganar likitansu. Ke da lafiyarki ƙalau, abin da kike buƙata kawai shi ne ki kalli wata baturiya a waya, mai farin kicin da fararen haƙora, tana rantsuwa cewa tun da ta bar burodi ta daina fushi da mijinta.

Ewurasi ta sanar da nata hukuncin ranar da ta kama aiki. Uwar ɗakinta a makarantar, Madam Baaba Koomson, malamar aji biyar wadda ta yi furfura a bakin allo, ta kwance dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi a kan tebur, ta matsar da kujera.

"'Yata, wanke hannu."

"Na gode, Anti. Na daina cin gulutin."

"Wane ne kuma shi?"

"Yana cikin alkama, Anti."

Madam Baaba ta juya dokunun a cikin ganyensa, ta duba ƙasansa. "To, wa ya sa wa masara alkama?"

"Ba a dai sani ba, Anti. Gara mutum ya kiyaye."

Ki haddace wannan amsar. In kin cire burodi da fanke, kusan duk abin da ake ci a garin nan masara ne da rogo da shinkafa da kifi. Kada hakan ya karya miki gwiwa. Babu ruwan kowa da abin da kike gudu, muddin an ga kina gudu.

Mataki na 2: Dafa na mako guda a rana ɗaya

Ranar Lahadi, da an taso daga coci, ki jera robobi biyar masu murfi. A kowace ki zuba kinuwa, wata tsaba ce mai kama da acca, sai dai ita ta hau jirgi kafin ta iso ki. Ki ɗora dafaffen ganye da ƙirjin kaza, ba mai, ba yaji. Ki rubuta sunan rana a kan kowane murfi, daga Litinin zuwa Juma'a.

Kafin ki rufe, ki ɗauki hoto ki watsa. Hoton shi ne ainihin girkin. Abin da ya rage a robar, haƙuri ne.

Da safiyar Litinin ki kai su firjin ɗakin malamai, ki ture ruwan ledar mutane gefe, ki jera su yadda duk wanda ya buɗe zai karanta.

Mataki na 3: Kada ki ce wa kowa ya zo ku ci

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa, domin tarbiyyar gida tana rinjayarsu.

Kin san yadda ake yi. Ko gyaɗa ce a tafin hannunki, ba kya kai ta baki sai kin ce, "Ku zo mu ci." Su kuma su ce, "A ci lafiya." Babu mai tasowa. Ba a taɓa jin wanda wannan kalma ta talauta ba.

Ewurasi ta yi nata lissafin. Abincin a aune yake, kowace rana da rabonta. Idan ta yi tayi wani ya amsa, Alhamis ta lalace. Saboda haka da an kaɗa ƙararrawar tara, sai ta ɗauko robarta, ta juya kujera ta fuskanci taga, ta toshe kunne da wayar jin sauti. A ranar farko ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙarar cokalinta. A rana ta biyu Madam Baaba ta kwance nata abincin, ta yi wa kowa tayi da suna, ɗaya bayan ɗaya, har da mai gadi da ke wucewa ta bakin ƙofa. Ba ta tsallake Ewurasi ba. Ita ta kira da ƙarfi fiye da kowa.

Idan haka ta faru da ke, ki ɗauka hassada ce.

A mako na gaba robar Talata ta ɓace. Mista Kobina Quayson, malamin wasanni, ya dawo da ita da kansa, an ɗebi cokali ɗaya tak.

"Ƙaramar Madam, ki yafe ni. Ni haifaffen Talata ne, da na ga an rubuta ranata na zaci tawa ce."

"Ba komai, Mista Quayson."

"Na ɗanɗana na mayar." Ya tsaya yana kallonta da tausayi. "Wani aka yi wa rasuwa a gida?"

Mataki na 4: Nemo majigi

Kowace makaranta tana da majigi ɗaya da wata ƙungiya ta bayar kyauta, yana kulle a kabad ɗin hedimasta a cikin ledarsa. Ki roƙa a fito da shi. A kwaleji an koya muku darasin koyarwa da na'ura, kin ci jarrabawarsa, kin san inda ake sa kowace waya. Ya isa.

Sauran aikin tsari ne. Ki sa yara su rufe tagogi da zannuwa. Ki aika a aro wayar jona wuta daga shagon mai aski. Ki tsaya a gaban kwamfuta kina cewa, "Yana zuwa, yana lodawa." Aji mai duhu da yara masu jira ya fi kama da ilimi fiye da aji mai haske da yara masu tambaya. In hoto ya fito a bango, aikinki ya ƙare. In bai fito ba, laifin netiwok ne, shi kuwa ba ya zuwa taron malamai balle ya kare kansa.

Wata rana Madam Baaba ta tsaya a bakin taga, ta ɗaga zanen ta leƙo.

"'Yata, gobe ki bar injin nan ya huta. Zo in nuna miki yadda ake raba lemo a gaban yara, su gane rabi da kwata."

"Anti, ai yanzu an wuce nan."

"An wuce?"

"Duniya ta ci gaba, Anti."

"To, Allah ya kai ku lafiya," in ji Madam Baaba, ta saki zanen.

Mataki na 5: Ranar mai duba darasi, bari na'ura ta yi magana

Mista Essilfie, mai duba darasin, ya iso daga Cape Coast a motar haya, da jakarsa a hammata da ƙura a takalmi. Dogo ne, ba ya yawan magana. Ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Masu ba da shawara za su ce ki ji tsoron ɗaukewar wuta. Ba su san aikin ba. A ranar wuta ba ta ko ƙifta ba. Majigi ya kama nan take, sauti ya fito tas. Wata malama daga ƙetare ta bayyana a bango, tana yanka wani faffaɗan burodi mai cuku gida biyu, gida huɗu, gida takwas, tana murmushi. Ta koyar da darasin tun daga gaisuwa har zuwa aikin gida. Ewurasi na tsaye a gefe da rimot a hannu, tana gyaɗa kai a wuraren da suka dace.

Da bidiyon ya ƙare ta juyo. "An gane?"

"An gane, Madam."

Mista Essilfie ya ɗaga hannu kamar ɗalibi. "Yara, rabin lemo da kwatan lemo, wanne za ku zaɓa?"

Ajin ya amsa baki ɗaya cewa kwata, tunda huɗu ta fi biyu.

Ya rubuta wani abu. Sannan ya nuna bangon da biro. "Madam Dadzie, ita wannan baiwar Allah, shekara ta nawa take a kwalejinmu? Ina so in ba ta makinta, ta yi ƙoƙari."

A irin wannan lokaci ki yi murmushi. Ana iya ɗaukarsa yabo in an so.

Mataki na 6: Ki ɗauka abincin baƙo yana zuwa da kansa

Mai duba darasi ba ya barin makaranta da yunwa. Ba a rubuta wannan a dokar kowace kwaleji ba, amma ba a taɓa karya shi ba. Uwar ɗakin ɗaliba ce ke shirya shi. Tun jajibere take yi wa sauran malamai magana, a daka sakwara, a yi miyar akuya mai ruwa-ruwa, ita ɗalibar nata kawai ta kawo ruwan wanke hannu. Ana cewa abinci ba ya canza maki. Abin da aka sani shi ne mutumin da ya ƙoshi ya fi tuna abin da ɗaliba ta yi daidai.

Ewurasi ta ga ana yi wa wasu, ta zaci abin kamar ƙararrawa ne, lokacinsa na yi yake bugawa. Da suka shiga ɗakin malamai, teburin babu komai sai rajista da kwalin alli. Ta matsa kusa da Madam Baaba, ta rage murya.

"Anti, abincin Yallaɓai fa?"

"Wane abinci?"

"Wanda aka saba."

"Ai tsoro na ji, 'yata. Ban san inda gulutin ɗin nan yake ɓuya ba. Kada in je in kashe miki baƙo."

Ranar Juma'a ce. A firji saura roba ɗaya, wadda aka dafa tun Lahadi. Ewurasi ta ɗauko ta, ta goge murfin da gefen rigarta, ta ajiye a gaban Mista Essilfie da cokali. Ya buɗe. Ya daɗe yana kallon abin da ke ciki. Sannan ya yi abin da duk ɗan da aka haifa a gida zai yi, ya ɗaga kai ya ce, "Ku zo mu ci."

Babu wanda ya ce a ci lafiya. Kujeru suka motsa. Malamai suka taso, kowa da cokalinsa, wasu ma daga aljihu suka fito da shi.

"Yallaɓai, mun gode," in ji Madam Baaba. "Tun farkon zango muke jiran a faɗi kalmar nan a kan robar nan."

Kowa ya ɗebi cokali ɗaya, ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya koma mazauninsa. Mista Quayson ya ce shi ya riga ya yi nasa, a ba wani. Kafin a zagayo kan baƙon, robar ta zama wayam. Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin mutumin da aka cinye wa abinci ya yi godiya da zuciya ɗaya kamarsa ba. Da zai tafi, ya tambayi mai gadi inda ake sayar da shinkafa da wake kusa da tasha.

Mataki na 7: Jira

Mista Essilfie ya ba da nasa sakamakon. Ya ba ta makin da ya tsallakar da ita da ƙyar, ya rubuta a ƙasa cewa ɗalibar ta ƙware wajen kunna darasi.

Saura na Madam Baaba. Bana kwaleji ta daina karɓar takarda, ta ce kowace uwar ɗaki ta tura rahotonta ta intanet, da hannunta, da lambar sirrinta. Wayar Madam Baaba mai madannai ce, ta ɗaure bayanta da kyauro. A duk makarantar mutum ɗaya ce ta san yadda ake shiga shafin.

Ewurasi ta je gidanta da kwamfuta bayan an yi hutu.

"Anti, in buɗe miki in cike, ke dai ki faɗa mini abin da zan sa."

"A'a. An ce da hannuna. Kina so a kore ni saura kaɗan in yi ritaya?"

"To, akwai wani bidiyo da ke nuna yadda ake yi."

"Idona ba ya son hasken nan. Ba malama za ki zama ba? Koya mini. A hankali, ni tsohuwa ce. In ban gane ba ki sake."

Ta sake. Ta kuma sakewa. An ce yanzu tana zana madannan a takarda, tana yin tambaya, tana jiran amsa, tana gwada wata hanyar in ta farko ta ƙi. Madam Baaba takan saurara da kyau, ta ce ta gane, washegari ta ce ya gudu.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba likita ba ne, ba malamin kwaleji ba ne, kuma bai ɗanɗani abin da ke cikin robar ba. Duk wadda ta bi matakan nan ta rame, ko aka daina amsa gaisuwarta, ko ta maimaita shekara, ta nemi baturiyar da ke cikin wayarta su daidaita. Ba a karɓar ƙorafi a nan.

Zuwa lokacin da nake rubuta wannan, Madam Baaba ta iya kunna kwamfuta, ta kuma iya kashe ta. Rahoton bai tafi ba. Kwaleji za ta rufe shafin a ƙarshen wata.