Ranar da Na Zare wa Liman Wuta

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata, satina na biyu da fara koyon aiki a wani ɗan kamfani a Shahuci. Aikinmu tura wa iyaye mata saƙon tunin ranar rigakafin 'ya'yansu. Ba da hannu muke turawa ba. Kwamfutoci uku ne a wani ɗan ɗaki, an haɗa su wuri guda, ana ce musu kulasta. Ɗaya, babbar cikinsu, ke rabon aiki, biyun suna sauraron "bugun zuciyarta", wata 'yar alama da take aiko musu a kai a kai don su san tana raye. (Da Injiniya Rabi'u, shugabanmu, ya faɗi wannan suna, sai na lula. Baiti huɗu na rubuta a bayan littafina, sauran bayanin kuwa ya wuce ni.)

Goma saura minti biyu wayata ta fara kukan caji. Na leƙa ɗakin, na zare wata baƙar wayar wuta daga soket, na jona cajata. Fitilar babbar kwamfutar ta ɗauke ɗif. Ƙarfe goma kuma saƙonni ke fita.

Na faɗa ofis a guje, mayafi a hannu, a gaban kowa na ce, "Injiniya, na kashe ta! Yara za su rasa allura, ni ce sila!"

Ya kurɓi shayinsa. "Wa kika kashe, Malama?"

"Babbar!"

Ya juyo min da allon kwamfutarsa. Ga saƙonni suna fita a jere, ko ɗaya bai makara ba.

"In alwalar liman ta karye, watsewa ake yi?" in ji shi. "Na bayansa ke matsowa. Ta biyun ta ji bugun ya tsaya, ta karɓi aikin tun kina neman ƙofa."

Ashe shirun da nake ganin biyun suna yi, gadi ne. Wallahi har wani baitin ya fara zo min.

"Kafin ki rubuta," ya ce, "je ki mayar wa liman wutarsa. Cajar nan taki mai ɗan fure kika jona ko?"

Ofis ya ɗauki dariya.

Har yau in za a gwada kulastar, sai ka ji an ce, "Malama, kawo cajarki." Ni kuwa na koyi jin bayani har ƙarshe kafin in nemi ƙafiya. Na kuma sayi fawa banki.