Bututun da ke Saman Gadon Wendell

Jiya Asabar na tura maƙwabcina Wendell Pruitt a keken marasa lafiya tun daga bakin titi har cikin tashar jiragen ruwa, tukunyar iskar da yake shaƙa tana dukan gwiwata, duk don mu ɗauki hoton bututu guda ɗaya. Bututu fa, jama'a! Muka dawo gida da hula biyu da ciwon baya, hoto kuwa ko na rantsuwa babu.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san Marlin Bay, ƙaton jirgin ruwan nan mai dakon jiragen saman yaƙi da aka ɗaure a tasha aka mayar gidan tarihi. Wendell ya yi shekara huɗu a cikinsa yana gasa wa sojoji burodi. Gadonsa shi ne na can sama a jerin gadaje uku, hancinsa kusa da bututun tururi da aka naɗe da asbestos, farin abin nan mai hana wuta. Ya ce duk jirgin da ya dira a kan rufin sai ƙura ta zubo masa a fuska. Da yake yini yake cikin fulawa, ba wanda ya taɓa bambance wane fari ne wane.

Yanzu shekararsa saba'in da takwas, ba ya iya zuwa ƙofar gida bai tsaya hutu sau biyu ba. Likita ya ce ƙurar nan ce ta cinye huhun. Gidauniyar da ke riƙe da jirgin, Allah ya ƙara mata tausayi, tana kai tsofaffin ma'aikatansa asibitin ƙirji, amma sai waɗanda suka yi aiki kusa da asbestos. Wendell ya cike fom. Amsa ta zo da sa hannun babban jami'in gidauniyar, Mai Girma Uban Hatimi: takardu sun nuna shi mai burodi ne, kuma bincike bai gano asbestos a cikin burodi ba. Ya kawo shaida kafin Juma'a, ko a rufe fayil.

Matarsa Loretta ce ta tuna. A jirgin nan al'ada ce, duk mai gadon sama sai ya karce sunansa da shekarunsa a jikin naɗin bututun. Wendell da gindin cokali ya karce nasa.

Ta ce mini, "Maƙwabci, tunda ka yi ritaya ba abin da kake yi sai zagin manya a jarida. Tashi ka tura mini mijina."

Na ce, "Loretta, aikin ƙasa nake yi."

Ta ce, "To ga ƙasa nan a keke, tura."

Ashe ranar ake bikin cikar jirgin shekara tamanin. Kai, mun sha tarihi! An kafa alluna na tagulla: tekun da ya ratsa, tashoshin da ya tsaya, kyaftin-kyaftin ɗinsa, har kyanwar wani kyaftin tana da allonta da ranar haihuwa. Wani allo ya ce jirage sun dira a kansa sau dubu casa'in. Wendell ya ja iska ya ce, "Na san adadin waɗanda suka dira a zamanina. Suna nan a ƙirjina."

Babban baƙo, Mai Girma Sarkin Almakashi, ya yi jawabi na awa guda, ya yanke ƙyallen sabon shagon sayar da tsaraba, sannan idonsa ya faɗa kan keken. Tsoho ga tukunyar iska, ai hoto ya samu! Ya rugo ya kifa wa Wendell hula, ya kira shi gwarzo, ya kira shi Walter. Ni ma aka kifa mini tawa don kada in ɓata hoton.

Da aka watse cin kek muka gangara ƙasa. Wendell bai manta ko lungu ɗaya ba, yana ta cewa dama, hagu, miƙe. Muka iso ɗakin kwanansu, sai ga ƙofa an liƙe ta da leda, ga jan rubutu: HAƊARI, ASBESTOS, AN HANA SHIGA. Mai gadi ta ga ba mu da niyyar tafiya, ta kira babba. Wa zai zo in ba Uban Hatimi da kansa ba, da kek a hannu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, minti biyu kawai. Sunansa na ciki, a kan bututu."

Ya ce, "Haba Malam! So kake ka kashe dattijon nan? Minti biyar a ɗakin nan ya isa ya lalata huhun mutum."

Wendell ya ce, "Yallaɓai, shekara huɗu na kwana a ciki."

Ya ce, "Yawwa, Baba, shaidar hakan muke jira."

Na ce to ni in shiga, huhuna nawa ne. Ya ce doka ta hana. Na ce a aika ma'aikaci da takunkumi ya ɗauko hoton. Ya ce sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sai wata mai zuwa. Amma mu kwantar da hankali, jibi Litinin ƙwararru za su kankare naɗin gaba ɗaya su binne shi, saboda lafiyar masu yawon buɗe ido. Na ce to bari in ɗauki hoton Wendell a jikin jan rubutun nan. Ya ce ba laifi, sai dai hoton zai nuna a waje yake, ba a ciki ba.

Wannan kaifin basira ya sa na mayar da wayata aljihu. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Wendell kuwa dariya ya fara, ta rikiɗe ta zama tari, har sai da na ƙara masa iska. Da ya samu kansa ya ce, "Yallaɓai, ɗan matsa baya don lafiyarka. Asbestos ɗin da ke jikina ya fi na ɗakin yawa."

Kuma mutumin ya matsa! Taku biyu, na ƙirga.

A hanyar fita muka wuce wani sabon bango na baƙin dutse, inda ake sassaƙa sunayen ma'aikatan jirgin da suka rasu. An bar fili mai yawa a ƙasa, manyanmu akwai hangen nesa. Na tambayi matar da ke kula da wurin wace shaida ake kawowa kafin a sa sunan mutum. Ta ce babu fom, babu kwamiti, waya kawai iyali za su bugo, a sati guda an gama.

Wendell ya ce, "Har mai burodi?"

Ta ce, "Har mai burodi, Baba."

Kun ga, kada a ce kullum kushe nake yi. Akwai layin da ke tafiya da sauri a gidauniyar nan, kuma maƙwabcina ya cika duk sharuɗɗansa, saura ɗaya.