Kwalba Mai Jar Hula

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na tsallaka ruwan Dubai riƙe da yara biyu, ina roƙon abin da mai hankali ba ya roƙo, wato Allah Ya ɗan jinkirta faɗuwar rana. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san da hannuna na haƙa ramin.

Ni mutum ne mai ji da kansa wajen tsara tafiya. Ƙarshen hutun makaranta na bara, da zafin Dubai, inda muke zaune, ya ishe mu, na ce da matata Rabi ta shirya yara, kwana huɗu za mu yi a ƙasar Jojiya inda abokan aikina ke zuwa shan iska. Ta tambaye ni ko na bincika wuraren da za mu. Na ce ta bar wa mai abu abinsa. Gaskiyar magana, hotuna kawai na kalla a waya: ga lilo, ga jaki ana hawa, ga yara da kwanduna suna tsinkar inabi, an kuma rubuta cewa wurin ya dace da masu ƙananan yara. Ban karanta sauran ba (mai gilashin karatu ne fa ni, kada ku ɗauka ido ne ya hana).

Direba ya sauke mu a bakin gonar, ya nuna agogo ya ce sai bayan awa uku, ya ja motarsa. Hanifa, 'yar shekara shida, ta ruga wajen lilo, ƙanenta Sadiq mai shekara uku na bin ta yana faɗuwa. Minti goma na farko har taƙama nake. Daga nan wata mata mai fara'a ta tara baƙi ta ce a biyo ta, muka shiga wani ɗaki mai sanyi inda aka binne manyan tuluna a ƙasa, bakinsu kaɗai ake gani kamar rijiyoyin marina. Wani tsami ya daki hancina, irin na gasarar da ta kwana uku. Matar ta fara bayanin wata nawa ruwan inabin yake yi a ciki kafin ya nuna. A nan ne jikina ya ba ni. Na kawo matata da lulluɓinta da 'ya'yana biyu gidan da ake yin giya.

Kallo ɗaya Rabi ta yi mini, ta fita ta sami inuwar wata bishiya can nesa ta zauna, ta ciro carbinta. Da ta yi faɗa ma da na fi samun sauƙi. Na kira direba, wayarsa a kashe. Su kuwa yara ranar tasu ce. An tuɓe musu takalma an sa su cikin wani kwami suna tattaka inabi, Sadiq na ihun murna, ƙafafunsa sun rine har gwiwa. Ni ina tsaye ina waige-waige, kamar a tsakiyar duwatsun Jojiya wani ɗan unguwarmu zai ɓullo ya ce, a'a, Malam, kai ne nan?

Da aka zo teburin ɗanɗano na ja da baya na ce mu Musulmi ne. Matar ba ta ji haushi ba. Ta kawo wa yara ruwan inabi zalla, wanda aka matse aka dafa aka rufe, ta tsuguna ta nuna wa Hanifa cewa kwalba mai murfi ruwan ɗorawa ta yara ce, mai jar hula kuma ta manya ce, yara ba sa taɓawa. Sau uku ina tambayarta ko ta tabbata babu komai a na yaran, har ta yi dariya. Na kurɓa na ji garɗi, sai na ce to, tunda Bahaushe ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana, bari in sayi shida na tsaraba. A tunanina hakan zai ɗan wanke ni a wurin Rabi.

Ana cikin ɗaure mini kwali sai ga tsohon da ke da gonar, ɗauke da Sadiq a wuyansa, sun zama abokai wajen jaki. Ya sauke shi, ya shiga ciki ya fito da kwalba mai jar hula, ya riƙo ta da hannu biyu ya miƙo mini, ya dafa ƙirjinsa. Ba ya jin harshena, ba na jin nasa. A gidanmu an koya mana ba a mayar da hannun kyauta, balle na dattijo mai furfura. Na karɓa, har da rusunawa. Na waiga na ga Rabi na wanke wa Sadiq ƙafa ba ta gani ba, na yi wuf na tura kwalbar cikin kwalin, da niyyar in jefar a kwandon sharar otal. Hanifa kaɗai ta gani. Na raɗa mata cewa wannan sirrinmu ne, kada ta gaya wa kowa.

Daren da za mu taso Sadiq ya kwana yana amai (inabin da ya ɗura ne ya nemi hanyar fita), Rabi ce ta haɗa kaya, ni kuma na manta shaf. Haka kwalin ya bi mu har gidanmu a Bur Dubai. Talata muka sauka, Laraba na koma aiki, ita kuma ta zaga ta raba tsaraba.

Alhamis da la'asar ina gida da yara, Rabi na bakin aiki a asibiti, sai abin ya faɗo mini kamar an mare ni. Na buɗe kwali, wayam. Na duba akwati, na duba ƙarƙashin gado, har cikin injin wanki na leƙa. Na kira ta, na daidaita murya na tambayi kwalba nawa ta raba. Ta ce bakwai. Na ce ai shida na saya. Ta ce ta ɗauka gyara suka yi mini, tunda na sayi da yawa. Rubutun jikin kwalaben duk na mutanen can ne, mai kama da zaren da ya warware, hoton inabin kuma iri ɗaya. Ta ƙara da cewa mai jar hular ta fi kyau, don haka Kawu Mudi ta kai wa. Ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau.

Kawu Mudi ƙanen mahaifiyar Rabi ne, ɗan kasuwa, shekararsa ashirin yana aika kaya Kano daga unguwar Hor Al Anz, can tsallaken ruwa. Shi ya ba ni aurenta, shi ne uba gare mu a ƙasar nan. Shekara takwas ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Kuma tun da na san shi, azumin Litinin da Alhamis bai taɓa wuce shi ba.

Na kira shi a waya. Ya ɗauka, muka shiga gaisuwa: gida, yara, gajiyar tafiya, zafi, kasuwa. Ina ta neman ƙofar da zan shigo da maganar sai shi ya buɗe ta. Ya ce an gode da tsaraba, tana cikin firij tun jiya, yau yana da baƙi daga Kano, da ita za su sha ruwa inshallah. Kalma biyu kawai ake bukata in faɗa. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, “Allah Ya karɓi ibada, Kawu, dama gaishe ka na kira in yi.” Na ajiye waya na zauna ina kallon bango, na tsani kaina.

Saura minti arba'in a kira magariba. Na sa wa yara takalma (na Sadiq a juye, sai a hanya na lura), muka fita a guje. Na san gadoji a wannan lokacin a cushe suke, don haka muka ratsa kasuwar yadi muka faɗa abra, ɗan kwalekwalen da ke tsallakar da mutane zuwa Deira, ɓangaren su Kawu. Mai tuƙi ya ƙi tashi sai ya cika. Ina ce masa yalla, wato mu tafi, yana ce mini shwaiya shwaiya habibi, wai a bi sannu. A tsakiyar ruwa Sadiq ya sanar da duk fasinjoji cewa fitsari yake ji. Rana kuwa ta yi ja tana sauka bayan gine-gine, ko a jikinta. Da muka tsallaka muka tari tasi, a cikinta na shirya ƙarya uku na rushe su. Abin da ke cin raina ɗaya ne: dattijon da ya wuni da ƙishirwa saboda Allah, ya buɗe baki da giyar da surukinsa ya aiko masa, a gaban baƙi.

Muka hau bene na uku ina haki. Na yi sallama aka ce a shigo. Ga Kawu a kan darduma, ga baƙi uku, ga dabino da kunu da ƙosai a ledar cin abinci, an jera kofuna huɗu babu komai a ciki. Kwalbar kuwa tana tsakanin cinyoyin wani baƙo mai jiki, Alhaji Isa, ya ɓare jar hular, ya tarar da toshiyar katako a ciki, yana ta fama da ita da makullin ɗaki. Ya ce shi dai bai taɓa ganin lemon da aka rufe kamar asusu ba.

Ku da kuka san al'ada kun san ba a faɗa wa suruki magana a tsaye. Na tuɓe takalmi, na tsuguna, na gaida Kawu, na bi baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya tambayi iyali da aiki, ina amsawa idona na kan makullin nan da ke nutsewa cikin toshiya. Da na gama na ce, cikin ƙaramar murya, wai ina jin lemon nan ya lalace a hanya, a ba ni in canzo wani. Alhaji Isa ya ɗaga kwalbar ya haska ta da fitila ya ce lafiyarta ƙalau, ga ta da sanyi, in bar su su sa albarka. Na ce ai an ce yana tayar da hawan jini. Kawu ya ce nasa jinin lafiya lau, an auna shekaranjiya. Toshiyar ta yi ƙara ta faɗa ciki, daidai lokacin da ladanin masallacin da ke ƙasan benen ya ɗaga murya. Alhaji Isa ya ce khalas, shi ke nan, ya karkata kwalbar kan kofin Kawu.

Hanifa ce ta riga ni. Tana zaune a jikin Kawu, ta ce, “Kaka, wannan ta manya ce, yara ba sa taɓawa. A gidan da ake yin giya aka ba Abba, ya ce sirrinmu ne.”

Hannun Alhaji Isa ya tsaya a sama. Ƙamshin ya riga ya cika ɗakin, ɗaya daga cikin baƙin ya ja da baya yana a'uziyya. Na sunkuyar da kai na ce, “Kawu, giya ce.”

Kawu ya ɗauki dabino ya yi bismilla, ya sha ruwa, ya miƙa wa baƙinsa. Sannan ya ce in ba shi labari, na ba shi tun daga hotuna har zuwa tsoho mai jaki, ban rage komai ba, don mai shaida na zaune a cinyarsa tana gyara mini inda na tsallake. Alhaji Isa ya tashi ya wanke hannu har sau uku. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce kuskuren hanya kowa na yi, karɓar kyautar dattijo kuma tarbiyya ce ta ja. Har na fara sakin numfashi sai ya tambaya, “Ɗazu da ka kira ni, ka san abin da ke cikinta?”

Na ce na sani.

“Ka gaishe ni, ka yi mini addu'ar karɓar ibada, ka ajiye waya.” Ya juya dabino a hannunsa. “Da mota ta tsaya muku a hanya fa? Baban Hanifa, kunyar da za ta bar ni in sha giya da bakin azumi, riƙe abarka, ba na so.”

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya sa na ɗauki kwalbar da hannuna na juye ta a banɗaki, na wanke wurin, na sauka da ita har kwandon shara na titi. Da muka dawo daga salla ya tura mini kwanon ƙosai ya ce in ci a gabansa, tunda yau ta nuna kunyar tawa ba ta tsare komai. Na ci guda biyu ala dole. Abin da ya biyo baya a gida, da Rabi ta dawo aiki Hanifa ta tare ta da rahoto tun daga bakin ƙofa, wannan ku bar ni da shi.

Yanzu in za mu fita da yara, ko wurin lilo ne a garin Hatta, nan cikin ƙasar, sai na karanta bayani har ƙasan shafi, Rabi ta sake karantawa. Na kuma gane cewa magana mai nauyi gara a faɗe ta a waya da la'asar, da a faɗe ta a tsugune da magariba a gaban baƙin Kano. Tsaraba dai ban daina kai wa Kawu ba. Sai dai ko dabino na kai masa, ba ya taɓawa sai ya kira Hanifa ya miƙa mata ya ce, “Duba mini, ta yara ce ko ta manya?”