Makulli a Saman Ƙusa

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya gwiwar? Har yanzu tana kuka kamar tsohuwar ƙofa?"

"Gwiwata tana kai ni inda nake so. Kai fa, ya fiffiken?"

Fiffiken da Kaka take nufi kafaɗar jikanta ce ta dama. Gingimari ake ce masa a gidan ɗaga ƙarfe, don ƙirjinsa kaɗai cika ƙofa yake. Ranar tsautsayi ya kinkimi ƙarfen da ya fi ƙarfinsa, kafaɗa ta ce ƙas! Da aka kwance bandeji likita ya ja masa kunne: ƙananan ƙarafa kawai har jijiyar ta haɗe, in ta sake tsinkewa hannun ya gama ɗaguwa ke nan. Kaka kuwa ta san halin kayanta, sai ta sa aka kwashe manyan ƙarafansa aka kulle a sito. Yau ga gogan naka ya zo lallashi, har da rusunawa.

"Amarya, makullin sito na zo karɓa."

"Au, yau ni ce amarya? Ba kai ka ce haƙorana sun yi hijira ba?"

"Sun yi mana. Amma ko da dasashi kin fi 'yan matan layin nan."

"Daɗin baki ba ya buɗe kwaɗo, angona. Ina 'yan ƙarafan da likita ya ce?"

Nan fa ta sosa masa inda ke ciwo. Ya zaro su daga jaka, 'yan mitsi-mitsi, ruwan hoda, ya dangwarar a gabanta.

"Waɗannan? Wallahi cokalin shayinki ya fi su nauyi! Na je da su wurin motsa jiki, abokaina suka ce ko 'yan kunnenki na aro."

Kaka ta yi dariya har da tari. "Gingimari ya koma amalanke!"

"Komai ramar giwa ta fi kwando goma."

"Giwar da nake sa wa riga, ina ba ta abinci a baki?"

"Shi ma rabi a hanci kike zuba min."

"Butulu! To, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba." Ta nuna saman ƙofa da sandarta. "Ga makullinka can a ƙusa, da sandar nan na rataye shi. Ɗauka."

Gingimari ya washe baki, ya miƙa hagu. Sanda ta sauka a bayan hannunsa, tas!

"Kul! Hagu a gabana? Hannun da zai ɗaga ƙarfen, shi zai ɗauko makullin."

Ya gyara tsayuwa ya fara ɗaga dama. Har wajen kunne lafiya lau. Yana wuce nan sai ya ji kamar an soka masa allura mai zafi a cikin ƙashi. Ya cije, yana murmushin dole, gumi na tsattsafo masa, makulli na can sama yana reto. Bai san lokacin da hannun ya faɗo ba.

"Ƙusar nan ta ƙara tsawo," in ji shi.

"Ƙwarai kuwa. Kullum sai na ba ta ruwa."

Ya buɗe baki zai rama, sai ya ga ta daina dariya. Ta jawo shi ya durƙusa, ta ɗora tafinta a kan kafaɗar.

"Wannan ba taka ba ce, ajiyata ce. Ranar da ta Allah ta kasance, kai nake so a gaban makarata. Ka lalata ta don dariyar abokai, baƙo ya ɗauke ni?"

Idon Gingimari ya kawo ruwa. Ya yi maza ya waske.

"Ke da ba ki da niyyar tafiya? Duk sa'o'inki sun gaji da jiranki."

"Shi ya sa na ce ka bi a sannu. Ni ba sauri nake ba."

Dariya ta kuɓuce masa. Ya sunkuya ya ɗauki 'yan ƙarafan, ɗaya a kowane hannu.

"Na sallama, amarya. Amma ki rage loma, kada ranar ki sake ɓalla ni."

"Ɗaga, rago! Yau ma sai na ƙara kwano."