Sa Hannun Mista Crenshaw a Tsallaken Titi

A Texarkana har gobe ana tuna ranar da Mista Delbert Crenshaw ya tare motoci a kan titin da ya raba garinmu biyu, takardar bashi a hannu, biro a baki, yana tsallakowa daga jihar Texas zuwa jihar Arkansas don ya sa hannu.

Kada a raina shi. Shekara goma sha tara ya yi yana gadin ƙofar kotu, duk shari'ar da ta shiga sai ta gabansa ta wuce. Shi ya sa a shagon askin Purvis muke kiransa Alƙalin Alƙalai, yana kuma amsawa.

Motarsa ce ta lalace, ya je wani kantin ba da rance a ɓangaren Texas ya nemi rancen dala ɗari huɗu zuwa ranar albashi. Kuɗin ruwan da suka yanka masa, a Arkansas doka ba ta yarda da ko kusa da shi ba. Wannan bai dame shi ba.

"Ku saurara, jahilai," in ji shi, kumfar aski har kunne. "Doka ƙasa take bi. Inda ƙafarka take lokacin da biro ya taɓa takarda, nan ce jiharka. A Arkansas na sa hannu, abin da Arkansas ta ce shi zan biya."

Purvis ya ce, "Ranka ya daɗe, ka karanta shafi na uku?"

"Masu koyo ke karanta shafi na uku."

Shafi na uku ya ce dokar Texas za a bi. Kantin a Texas yake, can ya karɓi kuɗin, can ya bar musu cekinsa. Ranar Juma'a suka zare nasu daga albashin tun kafin ya gan shi. Kuɗin haya ya gagara, matarsa Ozella ta ba shi mako biyu ya nemo, in ba haka ba ta koma gidan yayarta. Lauyan gaske da ya je wurinsa bai kai minti biyar ba ya raka shi ƙofa.

Jiya ya shigo aski, Purvis ya ɗaura masa ƙyalle ya ce, "Alƙali, yaya shari'armu da Texas?"

Mista Crenshaw ya gyara zama, ya dubi kansa a madubi.

"Na ɗaukaka ƙara. Gobe jihar Louisiana zan je in ranto abin da zan biya haya. Su can sun san doka."