Miyar Taushen da Ba Ta Isa Paris Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa a gaban matar da na so ta zama surukata, na miƙa mata roba da hannu bibbiyu, kaina a sunkuye kamar 'yar kirki. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi, kuma ban san wa zan fi jin haushi ba: ni kaina, ko Lawali, ko wannan marar mutuncin da ke kwance a ɗakina ko a jikinsa.

Bari in fara da marar mutuncin. Sunansa Dunƙule, kuma maciji ne. E, maciji, ba sai kun sake karantawa ba. Irin ƙananan mesar nan ne marasa dafi, in ya ji tsoro sai ya cusa kansa cikin jikinsa ya dunƙule kamar curin fura. Ni kaɗai nake zaune a Vénissieux, a gefen birnin Lyon na Faransa, can sama a dogon bene, ina aikin ofis a wani babban sito. In na dawo da yamma na yi sallama, bango ne kawai ke kallona. Kyanwa tana sa ni atishawa, kare kuwa ba ma a kawo zancensa. Sai wata Asabar ƙafa ta kai ni shagon dabbobi, mai shagon ya karanta kaɗaici a fuskata ya hau zuba: ba ya kuka, ba ya wari, sau ɗaya yake ci a mako, kuma wai ɗan yankinmu ne na Afirka ta Yamma. (Wannan ta ƙarshen ce ta kama ni. Wai ni na ga ɗan gida.)

Abin da mutumin nan bai faɗa mini ba shi ne sarki na saya. Sai da akwatin gilashi, da shimfiɗar lantarki mai ɗumama ƙasansa, da ma'aunin zafi, da ɗan kogon ɓuya, da kwalbar fesa ruwa don kada iska ta bushe masa lokacin saɓa. Ni da na baro Damagaram inda ake rabon zafi kyauta, ga ni ina tashi da sassafe ina duba ko maciji ya kwana da ɗumi. Ranar da aka kawo akwatin, asansar ɗin benenmu, na'urar nan mai hawa da mutane sama, ta lalace kamar yadda ta saba, Lawali ne ya ɗauke shi a ka har sama yana haki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lawali shi ne wanda zan aura. A Paris yake aiki, yakan shigo jirgin ƙasa ya zo mu gaisa. Da farko ko kusa da akwatin ba ya zuwa, daga baya ya zama shi ke roƙo in ɗora masa Dunƙule a wuya in ɗauke shi hoto, yana wani ɗaga haɓa kamar ya kamo shi a daji.

To, sai abinci. Ɓeraye ake ba shi, matattu, daskararru, ana sayar da su a leda. Za ki ciro ɗaya ki jiƙa a ruwan ɗumi ya saki, ki kama jelarsa da dogon hantsaki, ki riƙa kaɗa shi a gaban macijin don ya zaci mai rai ne. Ku dube ni don Allah: 'yar malam guda, da digirina, ina durƙushe ina sa mataccen ɓera rawa. Shi kuwa gogan sai ya fito da harshe, ya shinshina, ya juya mini baya. Mako ya bi mako bai ci ba. Na koma shagon a fusace, mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "C'est normal, madame," wai haka suke yajin ci in an sauya musu wuri, in gwada wani iri. Na gwada ƙanana, na gwada manya, na sayo farare, na sayo masu ruwan toka. Duk ya ƙi. Na yi lallashi, na yi zagi da Hausa da Faransanci, har kuka na yi don tsoron kada ya mutu a hannuna.

Haka ɓeraye suka taru mini a gidan ƙanƙara na firigo, wato firiji. Da na gaji da haɗa ido da su duk lokacin da na buɗe, sai na juye su a robar glas, wato askirim ɗin nan da yara ke sha, na rufe. Kun dai san halinmu. Babu Bahaushiyar da ke yar da robar glas. A gidanmu in ka ga robar glas a firigo kada ka yi murna, miya ce. Ni ma ina da su iri ɗaya sak, an jera kamar 'yan makaranta.

Ana cikin haka Lawali ya kira ya ce mahaifiyarsa, Hajiya, ta iso daga Maraɗi, ta sauka gidan ƙanwarta Tanti Zali a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris, kuma tana son ganina. In ta gan ni ta yarda, sai manya su shiga maganar. Ya ce, "Chérie, s'il te plaît, don Allah abu guda: kar ki yi zancen Dunƙule. Kin san yadda mutanenmu ke kallon mai ajiye maciji. Bayan aure mu ga yadda za a yi." Na ce to.

Ba a zuwa gaishe da suruka hannu rabbana, kuma ni ba na son in kai turaren kanti kamar kowa. Na ce miyar taushe zan yi mata da hannuna, ta san ɗanta ba zai rame ba. Na kira innata a waya ta bi da ni daki-daki. Na nemo kabewa, na nemo yakuwa, na daka gyaɗa, na fito da daddawar da nake ɓoyo kamar zinariya, na sa naman rago mai kitse. Yini guda na yi a tsaye. Da ta huce na juye a roba na sa a ƙanƙara don kada ta zube mini a jirgi. Wace roba? Kun riga kun sani.

Da safe na makara, saboda na tsaya fesa wa sarki ruwa da duba zafinsa. Na buɗe firigo, na fizgo roba, na naɗe a leda, na jefa a jakar sanyi, na ruga tashar jirgin metro. (Kada wanda ya tambaye ni ko ban ji bambancin nauyi ba. Robar cike take maƙil, kuma laifin wa? Da ya ci abincinsa da ba ta cika ba.) Tun daga tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu a Lyon har Paris jakar tana kan cinyata, na rungume ta ina murmushi, ina ta maimaita gaisuwar da zan yi.

Falon Tanti Zali cike yake da mata, yawancinsu abokan kasuwancinta na unguwar Barbès, sun zo yi wa Hajiya sannu da zuwa, sun kuma zo ganin amarya, kada mu yaudari juna. Maza suna ɗaya ɗakin, har da Lawali. Hajiya na zaune a kan darduma, doguwa, mai natsuwa, carbi a hannu. Na cire takalmi na durƙusa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyayena, da aiki, da sanyi, da gajiyar hanya, ina amsa "lahiya lau" da wata siririyar murya da ni kaina ban san ina da ita ba.

Tanti Zali ta ce, "Yaya, ɗiyar taki hwa ba ta zo haka nan ba. Miyar taushe ta yi miki da hannunta, tun daga Lyon."

Hajiya ta yi murmushi. "Madalla. Ashe akwai sauran ɗiyan da ba su mance gida ba. Kawo ta nan, ɗiyata, in ji ƙamshin daddawar."

Na miƙa da hannu bibbiyu. Mata suka matso. Hajiya ta kwance ledar a hankali, ta sa babban yatsa ta ɓalle murfin.

Sun fara saki a hanya. Suna kwance a jere, farare da masu ruwan toka, manya da ƙanana, ƙafafu a sama, jela a miƙe, ɗaya ma kamar yana murmushi. Sai wata Bakanuwa mai sayar da leshi ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ɓeraye ne! Har saiz-saiz!"

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma a bene muke. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Hajiya ba ta yi ihu ba, ba ta yar da robar ba. Ta mayar da murfin a hankali, ta dube ni da idon tausayi ta ce, "Ɗiyata, haka zaman Turai ya yi miki tsanani? Mi ya hana ki hwaɗa ma mutane?"

Wato ta ɗauka ci nake yi. Kuma ta ɗauka don tsabar ƙauna na ɗebo mata nata kason. Na ji ana ƙus-ƙus a bayana, wata na cewa dama an ce na Lyon sai a hankali. Hajiya ta ɗaga murya ta kira ɗanta, ba da sunansa ba tunda ɗan fari ne: "Kai! Taho nan." Lawali ya shigo ya durƙusa. Ta buɗe masa ya leƙa. Ta ce, "In ka tahi can, wanga take ba ka?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Duk siririyar muryar nan ta gudu, ta gidanmu ta dawo. Na ce, "Hajiya, wallahi ba ni ke ci ba! Abincin macijina ne!"

Ban taɓa ganin mata masu jiki sun tashi da sauri haka ba. Bakanuwar nan ta haye kujera tana tambaya ko yana cikin jakar. Wata ta hau karanta addu'a tana tofawa ta wajena. Na ji wata ta ce, "Ai shi ya sa ta samu aiki da wuri." A cikin daƙiƙa na tashi daga mayunwaciya na koma matsafiya, kuma ni da bakina na yi wa kaina ƙarin girman.

Hajiya dai ba ta motsa ba. Ta juya ga ɗanta ta ce, "Ka san da wanga zance?"

Na dube shi. Kalma ɗaya nake jira. So nake ya ce e, ya ce dabba ce kawai, ba ta cizo, ya ce komai. Lawali ya sunkuyar da kai ya ce, "Maciji? Ni yanzu nika ji, Hajiya."

Jama'a, mutumin da ya ɗauki akwatin a ka har sama! Abin da ya dace 'yar mutunci ta yi shi ne ta haɗiye, ta yi sallama, ta fita. Ni kuwa sai na zaro waya, na nemo hoton, na tsallake ƙafafun mutane, na dangwara wa Hajiya a gaban idonta. Ga ɗanta nan, Dunƙule naɗe a wuyansa, haƙora duk a waje. Har da cewa na yi, "Ga wanda yanzu yake ji!" A gaban uwarsa, a gaban matan Barbès kaf, ranar da aka zo duba tarbiyyata. Hajiya ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta miƙo mini wayar ta ce, "Allah shi kiyaye hanya, ɗiyata." Takalmina ma a matakala na ƙarasa sa shi.

Da na koma Lyon na buɗe firigo, ga miyata nan zaune lafiya lau. Na ɗumama, na tuƙa tuwo, na ci ina hawaye don haushi, domin tunda nake ban taɓa yin miya mai daɗin wannan ba, kuma babu mai shaida sai maciji. Lawali ya yi ta kira. Da na ɗauka sai cewa ya yi na kunyata shi. Ni na kunyata shi! Na kashe wayar, maganar aure kuma ta mutu a nan, ba wanda ya sake tayar da ita.

Bayan 'yan makonni wata mai zuwa Lyon ta kawo mini saƙo daga Tanti Zali. Robata ce, an wanke ta tas, an cika ta da kilishi da yaji, tunda Hajiya ba za ta mayar da kwanon mutane ba komai a ciki ba, ko da ɓeraye ya kawo. Na kira in yi godiya. Tanti Zali ta ce, "Yaya ta ce a gaishe ki. Ta ce maciji dai ana iya kyautar da shi. Wanda ya dubi idonta ya yi mata ƙarya cikin mutane, shi ne har yanzu ba ta san inda za ta kai shi ba."

A makon ne Dunƙule ya ga dama. Na kaɗa masa ɓera ba tare da wani fata ba, ya cafke, ya naɗe, ya haɗiye, kamar ba shi ne ya rusa mini aure ba. Na zauna a ƙasa ina zaginsa ina murna.

Yanzu kowace roba a firigona da rubutu a murfinta da manyan baƙaƙe, Hausa da Faransanci. Kuma duk wanda ya zo da maganar aure, kafin ya sha ruwa nake kai shi gaban akwatin gilashi. Ba na tambayarsa ko yana tsoron maciji, wannan ba komai ba ne, Lawali ma ba ya tsoro. Tambayata ita ce: ranar da mahaifiyarka ta buɗe robar, ka san mu ko yanzu kake ji?