Hukuncin da Aka Yanke wa Bushiya

A wani daji da ke bayan dutse, dabbobi suna da ƙungiyar gayya. In damina ta sauka, yau a taru a nome gonar wannan, gobe ta wancan. Wanda aka cire daga gayya kuwa, shi da ciyawa sai Allah. Gwanki ne Sarkin Noma, Zabuwa ce uwar gayya, Bika kuma makaɗi, mai wata ganga da in ya buga har kifi a rafi sai ya ji.

To, akwai Bushiya Tasalla, mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Ba ta da ƙyuya ko kaɗan. Amma Bika na taɓa ganga, sai ta saki fartanya ta dunƙule a kan kunya, ba ta warwarewa sai an tashi. Ba da sonta ba, haka Allah Ya yi ta.

Ta je ta sami Sarkin Noma ta ce, "Ranka ya daɗe, ba aikin nake gudu ba. Gangar nan a cikin kaina take bugawa, kamar ana daka a tsakar kwanyata, jikina sai ya rufe da kansa. Ku ba ni gefen gona inda sautin ba ya kaiwa, in nome muku shi tas."

Gwanki ya ce, "Mu ba mu da kunne ne? Nawa ya fi naki tsawo, kin taɓa ganin na dunƙule?"

Zabuwa ta cafe, "Ke dai faɗi gaskiya, 'yar uwa, barci ne. Ni ma nan da ciwon kai nake fitowa, wa na gaya wa? In aka ba ki yau, gobe kowa ya zo da nasa uzurin."

Da abin ya yawaita aka kira taro a gindin kanya, aka ce a cire ta. Gonarta kuwa ciyawa ta fara rufe dawa. Tasalla ta sake yin bayani tiryan-tiryan. Aka ce ai kun ji, bakin nan da ya iya tsara magana, da hannu ne da an gama noman bana.

Sai tsoho Gadu, maƙwabcinta, ya miƙe yana huci. Ya ce, "Jama'a, cirewa? Wannan ai gata ne! Mu muna rana ita tana inuwa? Ban yarda ba. Ni shawarata a hana ta kiɗa. Duk gonar da aka je, a tura ta can ƙarshe, bakin fadama, ita kaɗai. Ba ganga, ba guɗa, ba mai yi mata kirari. Ta ji yadda noma yake in babu daɗi!"

Zabuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, Baba Gadu, ba ka da imani!"

Gwanki ya ce, "Ya yi tsanani, amma gyara ake so. An zartar."

Tasalla ta buɗe baki za ta yi godiya, Gadu ya taka ta, ya kuwa sha ƙaya. Ya cije ya raɗa mata, "Ke, ɓata rai mana! Za ki ɓata min aiki."

Washegari ta tafi bakin fadama. Ba abin da ake ji sai iska da kukan kwaɗi. Ta yi bisimilla ta kama kunya, tana 'yar waƙarta a hankali. Kafin a kawo kunu ta gama rabonta ta shiga na gaba.

Gwanki ya zo ya duba, ya kira jama'a ya ce, "Kun gani ko? Da ma lafiyarta ƙalau. Horo ne ba ta samu ba."

Ranar da aka zo gonarta aka nome ta fes, yara suna ta tsalle. Ita kuwa tana can gefe tana cika hukunci.

Ba a jima ba Zomo, wanda ya daɗe yana cusa ganye a kunne a ɓoye, ya yar da fartanya a tsakiyar kiɗa ya kwanta. Aka tura shi fadama. Hawainiya ta bi, sai Barewa. Suka riƙa noma a jere, ba mai takura wa wani da surutu, in an gaji a sha kunu a yi hamdala. Dawa ta yi kyau a wannan shekarar har rumbuna suka yi kaɗan.

A taron kaka Sarkin Noma ya ce, "Bana mun koyi darasi. Daga yau duk wanda ya zo da uzuri, ba za mu ɓata lokacin sauraronsa ba, fadama kai tsaye."

Masu laifi suka sunkuyar da kai ƙasa sosai, kada a ga haƙoransu.